Gajere a Mazaunin Dogo: Wane Harsashi Bindigar da Aka Yashe Za Ta Ci?

Akwai wani aiki da maƙeran bindiga a Amurka da kudancin Afirka suka shafe sama da shekara hamsin suna yi wa mafarautan giwa da ɓauna. Za a kawo musu bindiga mai cin harsashin .458 Winchester Magnum, su kwance bututunta, su zura wani ƙarfe mai kaifi ta gindinsa, su yashe ramin da harsashi ke kwanciya har ya ƙara zurfin milimita 7.6. Daga wannan rana bindigar ta bar sunanta na asali ta koma .458 Lott, mai cin harsashin da ya fi tsawo, ya fi ɗaukar albarushi, ya kuma fi duka.

Mai bindiga na karɓar kayansa tambayar farko da zai yi ita ce: to ragowar tsofaffin harsasan da ke cikin akwati fa, ana iya harba su a ciki? A wannan gyara dai amsar ita ce e, ana iya. Hasali ma wannan na cikin dalilan da suka sa gyaran ya karɓu. Sai dai wannan amsa ta ruɗi mutane da dama, har suka ɗauka cewa duk harsashin da ya shiga, sakatar bindiga ta rufe a kansa, to ya dace a harba shi. Ba haka abin yake ba. Dacewar waɗannan harsasai biyu ta samo asali ne daga wasu awo uku da suka zo daidai, kuma da zarar ɗaya ya kauce, abin da zai biyo baya na iya zama fashewar kwanso a fuskar maharbi, ko bindiga ta cije a lokacin da ɓauna ke tafe a guje.

Yadda harsashi ke zama a cikin bindiga

Harsashin zamani sassa huɗu gare shi. Akwai kwanson tagulla, akwai albarushin da ke cikinsa, akwai ɗan maɓallin da ke gindi wanda allurar bindiga ke doka ya kunna wuta, sai ƙwayar da ke kai, wadda ita ce ke fita ta sami dabba. A gindin bututu akwai rami da aka yashe daidai siffar kwanson, shi ne mazaunin harsashi. Gaba da shi akwai ɗan fili da maƙera ke kira maƙogwaro, inda ƙwaya ke bi kafin ta cafki tsagin da ke murɗe a cikin bututu, wanda ke sa ta juyawa ta tafi a miƙe.

Idan aka taɓa kunama, matsin da ke tashi a wannan rami ya kai fam 60,000 a kan kowane murabba'in inci a harsashin Winchester, da fam 62,500 a na Lott, bisa iyakar da ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, SAAMI, ta gindaya. Tagulla ba ta iya riƙe wannan ita kaɗai. Abin da take yi shi ne ta kumbura ta manne wa bangon ƙarfe ta toshe hayaƙi, ƙarfen kuma ya ɗauki nauyin. Saboda haka dole bangon ya kasance dab da ita ta kowane gefe, kuma dole a sami abin da zai tsayar da harsashin a wuri guda, kada ya zurma ciki ya bar gindinsa a sarari.

Abin da ke tsayar da harsashi ya bambanta. Wasu leɓen gindinsu ne ke tokare su, kamar harsasan bindigogi masu baki biyu. Wasu kafaɗarsu ce ke dafa kafaɗar ramin. Wasu kuma an yi musu ɗamara, wato wani zobe mai kauri kusa da gindi. Kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya shahara da wannan ɗamara, musamman a harsashinsa .375 na shekarar 1912, kuma daga kwanson wannan harsashi aka tsago na Winchester da na Lott duka biyu.

Daga Landan zuwa dajin Mozambik

Tun 1898 John Rigby ya kafa ma'aunin da mafarautan manyan namun daji suka yarda da shi, lokacin da ya fito da .450 Nitro Express: ƙwaya mai nauyin kusan giram 31 tana fita da gudun mita 655 a sakan guda. A 1907 Turawan mulkin mallaka suka hana shigar da harsasai masu awon .450 ƙasashen Indiya da Sudan, don tsoron kada ƙwayoyinsu su faɗa hannun masu tayar musu da ƙayar baya da tsofaffin bindigogin Martini-Henry. Maƙeran Ingila suka kewaye dokar da sababbin awo irin su .470 da .465 da .475, duk masu ƙarfi ɗaya da wanda aka hana. Tun daga lokacin aka ƙara tara harsasai masu kama da juna amma ba sa shiga gidan juna.

Bayan yaƙin duniya na biyu waɗannan harsasai na Ingila suka yi wuyar samu, kamfanin Kynoch da ke yin su ya yi ta janye hannu har ya daina. Winchester ya ga ƙofa. A 1956 ya fito da .458 Winchester Magnum a bindigarsa Model 70, da alƙawarin ƙwaya mai giram 33 da gudun da ya yi daidai da na Rigby, a farashin da bai kama ƙafar na bindiga mai baki biyu ba. Ma'aikatun kula da namun daji a gabashi da kudancin Afirka suka rungume ta, ƙwararrun maharba masu yi wa baƙi jagora su ma haka.

Matsalar tana cikin kwanson. An gajarta shi zuwa inci 2.5, wato milimita 63.5, don ya shiga bindiga mai matsakaicin tsawon sakata. Don a kai gudun da aka yi alƙawari sai aka riƙa danna albarushi a ciki da ƙarfi. Idan irin wannan harsashi ya daɗe a ajiye cikin zafi, albarushin kan dunƙule, ya ƙi cin wuta yadda ya kamata, wani harbin ya fita da ƙarfi wani ya fita a raunane. Daga baya aka rage yawan albarushin, aka kuma gajarta bututun, gudu ya ƙara sauka ƙasa da abin da aka tallata tun farko.

A 1959 wani Ba'amurke marubuci kan harkar bindiga, Jack Lott, ya harbi ɓauna a Mozambik da wannan harsashi, ba ta faɗi ba, ta juyo ta tumurmushe shi. Ya rayu, amma ya tashi da yaƙinin cewa harsashin na buƙatar ƙarin fili. A 1971 ya fito da nasa: faɗi ɗaya, ɗamara ɗaya, ƙwaya ɗaya, sai dai tsawon kwanso inci 2.8, wato milimita 71.1. Wannan ƙari ya ba da damar tura ƙwaya mai giram 32.4 da gudun mita 700 a sakan ba tare da an danne albarushi ba. Shekaru da dama masu ɗura harsashi da hannunsu ne kawai ke amfani da shi. Kamfanin A-Square ya fara yin sa don sayarwa, SAAMI ta amince da awonsa a shekarun 1990, sannan a 2002 Hornady ya shigo da shi kasuwa sosai, Ruger da CZ suka riƙa ƙera bindigoginsa kai tsaye.

Awo ukun da suka zo daidai

Abin da ya sa gajeren harsashin Winchester ke tashi lafiya a mazaunin Lott bai wuce abu uku ba.

Na farko, ƙwayar iri ɗaya ce, faɗin inci 0.458, kimanin milimita 11.6. Maƙeri bai taɓa cikin bututu ba, gindinsa kawai ya yashe.

Na biyu, ɗamara ce ke tsayar da su duka biyun, ba bakin kwanso ba. Faɗinta milimita 13.5 ne a kowanne, kuma nisanta daga gindi ɗaya ne. Ko kwanso ya kai ƙarshen rami ko bai kai ba, ɗamarar za ta tokare shi a inda allura za ta same shi, gindinsa kuma na jingine da fuskar sakata.

Na uku, jikin kwanson kusan miƙaƙƙe ne, ba shi da kafaɗa, kaurinsa a biyun kusan ɗaya. Bangon ramin na rungume da gajeren kwanson tun daga gindi har baki. Abin da ya rage shi ne fili na milimita 7.6 a gabansa, wanda ƙwaya za ta tsallake kafin ta shiga maƙogwaro.

Wannan dacewa hanya ɗaya take bi. Harsashin Lott ba ya shiga bindigar Winchester da ba a yashe ba, sakata ba za ta rufe ba. Wanda ya sa ƙarfi ya dake ta don ta rufe, ya matse bakin kwanso a kan ƙwaya ke nan, matsi kuma zai haura iyaka.

Haka lamarin yake tsakanin .375 Holland & Holland da .375 Weatherby, wanda Roy Weatherby ya fito da shi a 1944 ta hanyar faɗaɗa jikin tsohon kwanson. Ana harba na Holland a mazaunin Weatherby, ɗamara ta riƙe shi, tagullar ta kumbura ta ɗauki sabuwar siffa, gudu ya ɗan ragu. Akasin haka ba ya yiwuwa.

Abin da ake biya a madadin

Cewa harsashi zai tashi lafiya ba ya nufin zai yi aiki kamar a gidansa. Tunda ramin ya fi shi girma, matsi na ɗan sauka, gudu ma haka. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne inda ƙwaya ke sauka. Bindigar da aka saita da harsashin Lott ba lallai ta kai na Winchester wuri ɗaya ba. A tazarar mita ashirin bambancin bai taka kara ya karya ba, amma a mita ɗari yana iya raba harbin zuciya da harbin tumbi, ɓaunar da aka harba a tumbi kuwa ita ce ke shiga duhuwa ta jira masu bin sawunta.

Sai dattin da ke taruwa. Duk harbin gajeren harsashi na barin toka da ɓurɓushin ƙarfe a wannan fili da kwanso bai rufe ba. A hankali sai ya zama zobe mai tauri, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ranar da aka koma ga dogon harsashi, bakin kwansonsa zai sauka daidai kan zoben. Ko dai sakata ta yi nauyin rufewa, ko kwanso ya maƙale bayan harbi, ko kuma zoben ya matse bakin ya tayar da matsi. Maganinsa buroshin tagulla da man wanke bindiga bayan kowane zagaye na gajerun harsasai. Wanda ya mayar da harba gajere al'ada shekara da shekaru, zafin wuta na iya cin ƙarfen wurin ya bar shi da kaushi, wannan kuwa buroshi ba ya gyara shi.

Matsala ta uku tana cikin gidan harsashi. Cikakken harsashin Winchester tsawonsa milimita 84.8, na Lott milimita 91.4. Gajere a dogon gida yana da wurin zamewa. Duk lokacin da bindiga ta yi shuri, harsasan da ke jiran layi na dukan bangon gaba. Ƙwaya mai taushin kai na iya baje baki, wadda ba a ɗaure ta sosai a bakin kwanso ba kuma na iya nutsewa ciki ta danne albarushi. Sannan kusurwar da harsashi ke bi ya hau zuwa mazauni ta canza, musamman idan ƙwayar mai faffaɗan kai ce irin wadda ake harbin giwa da ita. Wata bindigar na haɗiye duka biyun sumul, wata kuma na cijewa a harsashi na biyu idan aka ja sakata da sauri, wanda shi ne kaɗai irin jan da ake yi a gaban dabbar da ta fusata.

Shi kansa gyaran ba kowace bindiga ce ke ɗaukarsa cikin sauƙi ba. Brno ZKK 602 da magajiyarta CZ 550, 'yan ƙasar Cek, an yi su da dogon gida tun asali, shi ya sa suka fi kowace yawa a cikin waɗanda ake yashewa. Bindiga mai matsakaicin gida, irin Mauser 98 ta soja da aka mayar ta farauta, sai an tsawaita gidan harsashinta an kuma rage ƙarfe a gangaren da harsashi ke hawa. Wannan gangare yana bayan inda haƙorin sakata na ƙasa ke kamawa, maƙerin da ya zarce wurin yanka ya raunana ƙashin bayan bindigar. Ƙota ma na buƙatar ƙarin kusoshi na gicciye, don shurin Lott na tsaga katakon da ya jure na Winchester.

Akwai kuma wani bambanci da ba a gani da ido. Maƙogwaron Winchester dogo ne ƙwarai, ya haura inci guda, na Lott kuwa bisa awon SAAMI gajere ne. Bindigar da aka yashe na riƙe da ragowar tsohon dogon maƙogwaronta, don haka tana jure albarushin da ya fi na 'yar'uwarta da aka ƙera a matsayin Lott tun daga masana'anta. Mai ɗura harsashi da hannu wanda ya auna albarushinsa a ta farko, ya ba abokinsa mai ta biyu, yana iya jefa shi cikin haɗari alhali sunan da ke kan bindigogin biyu ɗaya ne.

Kama da wane ba ta wane

Inda ake asarar ido da yatsu shi ne inda ɗaya daga cikin awo ukun nan ya kauce.

A ɗauki .460 Weatherby Magnum da .450 Rigby. Duka biyun ƙwayar 0.458 suke harbawa, kuma ana yashe bindigogin .458 zuwa gare su. Amma kwansonsu ya fi na Winchester kauri nesa ba kusa ba. Na Weatherby na da tasa ɗamarar mai girma dabam, na Rigby kuma ba shi da ɗamara sam, kafaɗa ce ke tsayar da shi. Harsashin Winchester ko na Lott zai faɗa cikin wannan rami yana lilo. Idan aka yi rashin sa'a allura ta same shi, babu bangon da zai tare tagullar, sai ta yage, hayaƙi mai zafi da gutsattsarin ƙarfe su biyo ta baya.

Sunan lamba ma na yaudara. .416 Rigby na 1911 da .416 Remington Magnum na 1988 da .416 Ruger na 2008 duk ƙwaya ɗaya suke ɗauka, amma kwansonsu uku ne mabambanta, babu wanda ya dace da mazaunin wani. .375 Ruger na 2007 ba shi da ɗamara kuma ya fi .375 Holland & Holland kauri. .404 Jeffery kuwa ƙwayarsa ta kai inci 0.423, ta fi ta .416 faɗi duk da lambarsa ta fi ƙanƙanta.

Wani lokaci bambancin ɗan ƙiris ne. Kafin Lott akwai .450 Watts, mai kwanso inci 2.85. Harsashin Lott na tashi a mazaunin Watts, amma na Watts ya fi mazaunin Lott tsawo da milimita 1.3, abin da ya isa ya cusa bakin kwanso cikin maƙogwaro ya shaƙe ƙwaya. Bugu da ƙari, bindigogin da aka yashe tsakanin 1971 da lokacin da aka daidaita awo, kowane maƙeri da irin ƙarfen yashewarsa, don haka ramukansu ba lallai su zo daidai da na yau ba.

Mafi haɗari duka shi ne harsashin da ya zauna daram ba tare da wata alama ba. Tsofaffin bindigogi masu baki biyu na ƙarni na 19 da aka ƙera don baƙin albarushi, masu awon .450 da kwanso inci uku da kwata, ramukansu daidai suke da na .450 Nitro Express. Harsashin Nitro zai shiga, bindiga ta rufe ruf, amma ƙarfenta ba a yi shi don matsin albarushin zamani ba. Haka yake tsakanin tsohon .500 da sabonsa. A nan awo ya dace gaba ɗaya, ƙarfin jiki ne bai dace ba.

Masu ƙera harsashi sun san wannan tarko. Da Marlin da Hornady za su fito da .450 Marlin a shekarar 2000, da gangan suka tsawaita ɗamararsa fiye da ta sauran, don kada gajeren harsashi mai ƙatuwar ƙwaya ya faɗa mazaunin bindiga mai siririn bututu, sakata ta rufe a kansa.

Rubutun da ke kan ƙarfe

Ƙa'idar da SAAMI da kamfanonin bindiga ke nanatawa ita ce a harba harsashin da sunansa ya yi daidai da abin da aka buga a kan bututu. Ƙa'idar na aiki ne muddin rubutun gaskiya yake faɗa. Bindigar da aka yashe ba a sake mata rubutu ba ta zama maƙaryaciya. Mai ita ya san abin da aka yi mata, amma bindiga ta fi mai ita tsawon rai. Ɗan da ya gaje ta ko wanda ya saya a gwanjo zai karanta .458 Winchester ya je ya sayo abin da ya karanta. Idan Lott aka mayar da ita, ya tsira. Idan Weatherby ce ko Rigby, sai abin da Allah ya yi.

Shi ya sa ƙasashen da ke cikin hukumar gwajin bindigogi ta C.I.P., wadda aka kafa a 1914, ba sa barin lamarin a hannun maƙeri kaɗai. A Birtaniya, alal misali, bindigar da aka sauya mata mazauni ta fita daga gwajin da aka yi mata tun farko, ba a sayar da ita sai an mayar da ita gidan gwaji na Landan ko na Bamingaham, wanda ke aiki tun 1813. Can za a harba ta da harsashin da ya zarce matsin yau da kullum, a duba ta, a buga mata sabon hatimi da sabon suna. Amurka ba ta da irin wannan tilas, amanar tana wuyan maƙeri da mai bindiga.

Kwanso ma na iya ƙarya. A shekarun da babu kwanson Lott a kasuwa, masu ɗurawa da hannu sun riƙa buɗe bakin kwanson .375 Holland & Holland ko na .416 Remington suna mayar da shi Lott. Gindinsa na ɗauke da tsohon suna, bakinsa na ɗauke da ƙwayar 0.458.

Idan aka yi shakkar bindiga, maƙera na da hanya mai sauƙi. Akwai wani haɗin ƙarfe da ake kira Cerrosafe, wanda ke narkewa tun ruwa bai tafasa ba. A toshe bututu, a zuba shi a mazauni, ya daskare, a turo shi waje ya fito da siffar ramin da maƙogwaronsa, a auna. Sannan a sa ƙarafan gwaji guda biyu, ɗaya wanda dole sakata ta rufe a kansa, ɗaya wanda dole ta ƙi.

Daga filin jirgi zuwa bakin daji

Me ya sa mafarauta suka damu da wannan dacewa haka? Saboda harsashi ba tare da bindiga yake tafiya ba. Dokar jiragen sama ta taƙaita wa fasinja kilo 5 na harsashi, kuma galibi a wata jaka dabam da akwatin bindiga. Jaka na iya ɓata a Johannasbag ko Adis Ababa, bindiga ta iso ita kaɗai. A sansanonin farauta na Zimbabuwe da Tanzaniya da Namibiya, ko na yankin Binuwai da Faro a arewacin Kamaru inda ake shiga ta Garwa, harsashin .375 Holland & Holland da na .458 Winchester su ne aka fi sa ran samu, kamfanin PMP na Afirka ta Kudu ma ya ƙera su. Mai bindigar Lott na iya ci gaba da farauta da abin da ya tarar. Mai .450 Rigby sai dai ya ari bindiga.

Gajeren harsashin kuma bai gaza a gaban doka ba. Zimbabuwe na buƙatar faɗin milimita 9.2 da ƙarfin kilojul 5.3 ga giwa da ɓauna da dorina, Namibiya jul 5,400, Tanzaniya kuma awon .375 zuwa sama. Harsashin Winchester ya haye duk waɗannan, kuma albarushin zamani ya kawar da tsohuwar matsalar dunƙulewa, har wasu kamfanoni sun mayar da shi gudun mita 650.

Sai dai jami'in kan iyaka ba ya auna mazauni, takarda yake karantawa. A Afirka ta Kudu takardar izinin shigo da bindiga ta wucin gadi na ba da damar harsashi 200 ga kowace bindiga, kuma sai wanda ya dace da awon da aka rubuta mata. Bindiga mai rubutun Winchester da kwalin harsashi mai rubutun Lott, ko kwanso mai tambarin .375 a hannun mai bindigar .458, na iya sa a ƙwace harsasan tun a filin jirgi. Saboda haka wasu maƙeran ke buga sunayen biyu a kan bututu, mai bindiga kuma ya tabbatar takardunsa sun bi sabon sunan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yashe bindigarsa da niyyar dogaro da gajeren harsashi ranar da dogon ya ɓata, tun a gida ya kamata ya cika gidan harsashi da shi ya ja sakata da sauri ya ga ko tana haɗiya, ya harba a mita hamsin da mita ɗari ya rubuta inda yake sauka, ya wanke mazauni kafin ya koma ga dogon, sannan ya tabbatar an buga sabon suna a kan ƙarfe. Duk wani haɗi da ba wannan ba, wanda ba a san shi da dacewa ba, maƙeri ne zai yanke hukunci a kansa bayan ya auna ramin, ba rufewar sakata ba.